Wankin tankin bayin mota da kanwa da tsami, in ruwan garinku mai kalkar ne

Salamu alaikum jama'a. Ni aikina gyaran famfo da tiyo ne a nan Garwa ta arewacin Kamaru, da can gidaje kawai nake shiga amma shekarun nan kusan rabin aikin ya koma kan motoci masu ɗaki a ciki, irin motar asibitin tafi-da-gidanka da kwantenar da ma'aikatan hanya ke kwana a ciki da manyan bas masu bandaki, sai kuma jefi-jefi turawan nan masu yawon duniya da motar da Faransawa ke ce wa kampin-kar, waɗanda ke tsallaka gadar Ngeli daga Kuseri su shiga Njamena su nufi Zakuma ko Ennedi a cikin Chadi. Kuma duk wanda ya zo kukansa ɗaya ne, tanki na wari, bawul ya ƙi rufuwa sosai yana ɗiga, fitilar da ke nuna cikar tanki kullum tana cewa ya cika alhali yanzu aka juye shi. In ka haska tocila ciki zaka ga wani farin ƙanzo ko ruwan toka-toka ya manne a jiki kamar an yi yaɓen siminti.

Wannan ƙanzon shi ne kalkar. Ruwan foraj, wato burtsatse, da na rijiya mai zurfi yana kwaso sinadarin kalsiyam da maganeziyam daga ƙasa, ido baya ganinsu, amma da zarar ruwan ya yi zafi ko ya bushe sai su fito su daskare. A ƙasar da watan Maris da Afrilu zafi ke wuce digiri 40, tankin da ke ƙarƙashin mota kusa da kwalta ai kamar tukunya yake a kan murhu. A tankin bayi kuma abin ya fi muni saboda fitsari na haɗuwa da maganeziyam ɗin su ba da wani dutse na daban mai tauri, ga takarda da ƙazanta suna maƙalewa a jikinsa tunda ya yi kaushi, daga nan warin ke tashi.

Ga wanda bai saba da irin motocin nan ba, tanki uku ne. Na ruwa mai kyau, na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na bayi. Ƙananan motocin Turai su nasu na bayi wani akwatin roba ne da ake zarowa ta gefe a je a zubar, bai cika wuce lita 20 ba.

To mutanen Amurka masu irin motocin nan suna da wata dabara da suka daɗe suna yi, su zuba Calgon mai tausasa ruwa da garin wanki a tanki, wasu su ƙara javel, wato ruwan bilic mai kulorin. Calgon ɗin tun shekarun 1930 ake yinsa can, aikinsa ya riƙe kalsiyam a cikin ruwa ya hana shi zama, jikin tankin kuma ya yi santsi ƙazanta ta kasa kamawa. Dabara ce mai kyau, matsalar kawai ina zaka same shi a Marwa ko Yagwa ko Mongo? Ko ka ci sa'a ka gani a babban kanti a Njamena kuɗin kwali ɗaya zai sa ka ajiye shi ka fito. Wani bature ya taɓa tsayawa a gareji yana ta nuna mini hoton kwalin a waya, ni kuma ina kallon buhun kanwa a rumfar mai saida kayan dabbobi da ke tsallaken titi.

Kafin ka sayi komai fara gwada ruwanka, don ba kowane ruwa ne mai kalkar ba, unguwa da unguwa ma ya kan bambanta, kuma ruwan zartsi da ka ji gishiri-gishiri a baki ba lallai shi ne mai kalkar ba. Samu gorar ruwa ta roba ka zuba ruwan rabi, ka kankare sabulun wanki na sanda kaɗan a ciki, sabulu fa ba omo ba don omo ko a wane ruwa kumfa yake, ka rufe ka girgiza. In kumfa ta tashi ta tsaya ruwan mai laushi ne. In ruwan ya yi fari kamar an dama nono, kumfa babu, ga wani dussa-dussa na yawo a sama, to ka samu amsa. Ko ma ka leƙa butar shayin gidan, ita bata ƙarya. Masu awo a ɗakin gwaji suna lissafi da digirin Faransa, digiri 1 shi ne miligiram 10 na kalkar a lita, ƙasa da 15 ruwa mai laushi ne, in ya kai 30 ya yi sama to mai nauyi ne sosai. Zan dawo kan wannan lambar wajen awon kanwa.

Abin da nake so ya zauna a kan kowa shi ne aiki biyu ne a nan kuma maganinsu biyu, kishiyoyin juna. Akwai cire ƙanzon da ya riga ya kama, wannan aikin tsami ne. Akwai hana sabo kamawa, wannan aikin kanwa ne. In ka haɗa su lokaci ɗaya zasu yi ta tafarfasa kana murna kana cewa aiki na ci, alhali junansu suke kashewa, ƙarshe ruwan gishiri kawai ya rage maka a tanki. Mata sun fi mu sanin wannan, ai da kanwa suke kashe tsamin yakuwa a miya.

Mu fara da cirewa tunda yawanci sai abu ya lalace ake nemana.

Tsami kala uku ne a hannunmu. Akwai farin binegar na kanti, wanda aka rubuta 8 cikin ɗari a jikin kwalbar. Akwai garin tsami, farin nan kamar sukari da masu haɗa folere, wato zoɓo, da alawa da lemon kwalba ke saye a wajen masu kayan fulawa, a jikin leda ana rubuta asid sitirik. Sai tsamiya da lemun tsami. Na zauna na yi lissafinsu don kar mutum ya yi ta ɓarnar kuɗi: lita 1 ta binegar mai 8 iyakarta ta narkar da kalkar giram 65 ko kusa da haka, kilo 1 na garin tsami kuma yana cin kusan giram 700. Kaga kenan kilo ɗaya na gari ya tsaya a madadin lita 10 na binegar, ga shi baya wari, ga sauƙin ɗauka a mota. Ruwan lemun tsami kuwa sai ka matse wajen lita 20 kafin ka kamo kilo ɗayan nan, wa ke da wannan lokacin. Tsamiya tana aiki ba laifi in kana daji babu yadda zaka yi, amma sai ka jiƙa ta ka tace da tsumma sau biyu, in ba haka ba dusarta da zaƙinta zasu bar maka wani sabon aiki, tururuwa ma ta samu gida.

Ranar wanki ka fara juye tankin bayin tas. Ka rufe bawul ka cika da ruwa zalla ka sake juyewa, sau biyu ko uku, har ruwan da ke fita ya daina zuwa da kauri. Kar ka tsallake wannan don in ka zuba tsami a kan ƙazanta rabinsa a banza zai tafi. Kuma in dai an taɓa zuba javel a tankin nan kwanan nan to ɗaurayar ta zama dole ba zaɓi ba, zan faɗi dalili a ƙasa.

Sai ka narkar da garin tsami a bokitin roba da ruwa mai ɗumi. Mai ɗumi nace, irin wanda jarka ta kwana ta wuni a rana, ba tafasasshe ba. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa bututun roba yana kashe robar bawul, sannan in tsamin ya yi kauri ga zafi ya yi yawa shi kansa yana komawa wani farin gari mai wuyar fita. Awon da nake yi shi ne kilo 1 a ruwa lita 40 zuwa 50. Tankin lita 100 ba sai ka cika shi ba, rabi ya isa in dai motar zata yi tafiya. Na akwatin nan mai zarowa kuma giram 200 a lita 8 zuwa 10, ka riƙa juya shi kana kwantar da shi ta kowane gefe bayan awa biyu-biyu.

Ka zuba ta bakin masai ɗin, ka bar kaɗan ya tsaya a kan murfin roba na cikin kwanon ya jiƙa shi shima. Yanzu ga inda mutane ke jin ciwo: tsami in ya haɗu da kalkar iska yake fitarwa, kilo ɗayan nan in ya samu ƙanzo sosai zai iya ba da iska fiye da lita 150. Babban tanki yana da bututun shan iska da ya fita ta saman mota, ka hau ka duba zanzaro bai yi gini a ciki ba, don suna son wajen sosai. Akwatin zarowa kuma kar ka ɗaure murfinsa tam ka bar shi a rana, ka sassauta, in ba haka ba ranar da ka buɗe fuskarka ce zata karɓa. Na ga wanda abin ya samu kuma wallahi ban yi dariya ba sai da ya tafi.

Daga nan ka tada mota. Turawa suna zuba ƙanƙara a tanki wai ta riƙa goge ciki in ana tafiya, a nan kafin ka fita daga gari ta zama ruwa, kar ka wahalar da kanka. Mu Allah ya hore mana hanyoyi masu girgiza, duk wanda ya taɓa bin Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri ya san ba buroshin da ya kai wannan. Tafiyar awa ɗaya a hanyar burji ta wadatar. In motar bata motsi, kamar kwantenar ma'aikata, dole ka cika tankin har sama ka ninka garin gwargwadon ruwan. Ka bar shi ya kwana, awa 12 zuwa 24, da safe ka juye ka ɗauraye sau biyu.

Ka tara ɗan ruwan da ke fita a gwangwani ka jefa ƙwayar kanwa ciki. In ta yi shuuu da ƙarfi to tsamin bai ƙare ba, ma'ana ya cinye abin da zai ci ya rage, aiki ya yi. In shiru kake ji to ƙanzon ya fi ƙarfin abin da ka zuba, sai ka maimaita. Tankin da ya shekara uku ba a taɓa shi ba kar ka sa ran zai fita a zuwa ɗaya, na taɓa yin wata bas sau huɗu, ɓawon yana fitowa fale-fale kamar fasasshen kwano, har sai da na cire bawul ɗin na zaro wasu da hannu don sun tokare bakin.

Fitilar awo da ke ƙarya yawanci da kanta take dawowa daidai bayan wannan wankin, saboda wasu ƴan ƙusoshi ne a jikin tankin da ke jin ruwa in ya taɓa su, ƙanzo mai danshi in ya lulluɓe su sai su ɗauka ruwa ne. In bata dawo ba bayan wanki biyu ka nemi mai wayarin.

Yanzu abin da ba a yi, kuma don Allah a karanta wa yaran gareji. Javel da tsami basa haɗuwa, ko binegar ne ko gari ko tsamiya, hayaƙin kulorin suke tayarwa kuma a ɗan ƙaramin bandakin mota mai rufaffiyar taga wannan hayaƙin zai iya kwantar da ƙato. Javel a kan tsohon fitsari ma yana tada wani hayaƙin mai cin ido da ƙirji. Ni tankin bayi bana sa masa javel sam, robobin bawul ma basa sonsa. Sai ruwan batir. Wani aparanti na ya taɓa zuba shi a tankin wata mota ina kasuwa, wai ya ga ana wanke masai da asid. Ruwan batir in ya haɗu da kalkar wani farin dutse yake bayarwa irin na allin gini wanda baya narkewa, ya lulluɓe ƙanzon ya hana komai shiga, ga shi ya ci sandar ƙarfen bawul. Da kuɗina na sayi sabo. Asid ɗin wanke tayil da ake saidawa a kantin kayan gini shi yana cin kalkar da gaske, amma yana cin ƙarfe da hannu da huhu tare, ban yarda a sa shi a mota ba. Haka soda mai ƙuna ta masu yin sabulu, sunanta ya yi kama da sodar wanki amma ba ita bace, kar mai kanti ya ce maka duk ɗaya ne.

Kuma ka san da me aka yi tankinka. Duk abin da na faɗa na tankin roba ne irin wanda ke zuwa da mota daga kamfani. Da yawa daga motocinmu mai walda ne ya ƙera musu tanki a nan gida. In ƙarfen galba ne tsami zai cinye farin rufin ya bar shi a buɗe wa tsatsa, don haka rabin awo zaka yi kuma kar ya wuce awa biyu ko uku, ka ɗauraye nan take. In na alminiyom ne kuma kanwa ce abokiyar gabarsa, duk wadda ta taɓa barin ruwan kanwa ya kwana a tukunyar dalma ta ga yadda take baƙi tana ƙuraje.

To mun cire, saura hanawa, nan ne kanwa ke shigowa.

Kanwar nan da ake haƙowa a yankin Kanem da bakin tafkin Chadi, wadda tun zamanin kakanni ake lodinta daga wajajen Baga Sola ana kaiwa kasuwannin Barno da ƙasar Hausa, asalinta ƴar uwar sodar wanki ce, abin da turawan can ke saye a kwali in basu samu Calgon ba. Sai dai tana zuwa da gishiri da yashi a ciki kuma ƙarfinta ba ɗaya ba, wani dutsen ya fi wani. In zaka saya ka ɗiga mata binegar, wadda ta fi tafarfasa ita ce taka. Ka daka ta ta yi gari. In kana so ta ƙara ƙarfi ka soya garin a busasshen kaskon ƙarfe a kan gawayi kamar minti 40 zuwa awa ɗaya kana juyawa, zafi yana mayar da sashenta mai rauni ya koma soda sosai. Haka ma bikarbonat na masu kek, in ka gasa shi awa ɗaya a wuta mai digiri 200 sodar wanki yake zama. Bayan gashi ka sa safar hannu don tana busar da fata.

Ga kuskuren da ni kaina na yi a farko. Na ɗauka tunda bature Calgon yake zubawa kai tsaye a tanki nima haka zan yi da kanwa, na dama na zuba a tankin wata motar asibiti na cika da ruwan foraj. Bayan sati biyu aka dawo mini da ita, ƙasan tankin ya yi wani farin kunu mai kauri ya toshe bakin bawul. Ashe aikinsu ba iri ɗaya bane. Calgon riƙe kalsiyam yake a cikin ruwa su fita tare, kanwa kuma fizgo shi take daga ruwan ta kwantar da shi ƙasa kamar alli. In a cikin tanki ta yi wannan aikin to kai da hannunka ka zuba allin.

Saboda haka a waje ake yi. Ka samu duro na roba mai lita 200 ka cika da ruwan foraj da yamma. Ka jiƙa garin kanwa a ƙaramin bokiti ka tace da tsumma yashin ya tsaya, ka juye ruwan a duron ka motsa da sanda. Zaka ga ruwan ya yi fari, kar ka damu, aikin kenan. Ka rufe ya kwana. Da safe allin ya kwanta a ƙasa, sai ka ja na saman da tiyo a hankali ka bar kamar tafin hannu ɗaya a ƙasa ka zubar. Wannan ruwan da ka ja shi zaka riƙa kora bayi da shi da ɗauraye tankin bayi da na wanke-wanke.

Awo kuma, a lissafi ruwa mai digiri 30 yana buƙatar sodar wanki tsantsa wajen giram 65 a duro ɗaya, cokalin cin abinci huɗu ko biyar kenan. Kanwa tunda ba tsantsa bace ni da kofin shayi ɗaya nake farawa, irin ƙaramin na gilashi, washegari in yi gwajin gora da sabulu. Kumfa ta tashi, shikenan na san awon wannan rijiyar. Bata tashi ba in ƙara rabin kofi. In ka taɓa ruwan ka ji yana santsi sosai a yatsa kamar ruwan toka to ka zarce, ka rage. Kuma zarcewar tana da illa a tankin bayi musamman, don dutsen fitsarin nan da na faɗa ya fi saurin kamawa in kanwa ta yi yawa a ruwa. Wato ba a ce tunda abu na da amfani a juye buhu ba. Wannan ruwan kuma ba na sha bane, a rubuta a jikin duron in akwai yara ko ma'aikata da yawa a wajen.

Tankin wanke-wanke shi ya fi kowa jin daɗin ruwan kanwa, saboda matsalarsa maiƙo ne da dattin sabulu. Sabulun sanda in ya gamu da ruwa mai kalkar wani danƙo yake zama mai toka-toka, ya haɗu da man miya ya manne, warinsa wani lokacin har ya fi na bayi. Bokiti biyu na ruwan duron nan mai ɗumi da kofin shayi ɗaya na omo, a yi tafiya da shi a juye. In da hali masu motar su koma sabulun ruwa a wanke-wanke. Shi ma wannan tankin yana son tsami amma sau biyu a shekara ya ishe shi, kuma ba rana ɗaya da kanwa ba sai an ɗauraye tsakani.

Wasu suna tambayata boras, farin garin da maƙeran zinariya ke amfani da shi. Yana ɗan tausasa ruwa yana rage wari, amma tsadarsa a nan bata sa ya cancanta ba kuma guba ne in yaro ya lasa. Ni na bar shi.

Akwai ruwan da baya buƙatar komai, ruwan sama. Daga Yuni zuwa Satumba in kana da rufin kwano ka tara duro biyu uku ka rufe, ka bar na farkon ya wanke ƙurar rufin tukuna. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma babu kalkar a cikinsa ko kaɗan, ofis ɗaya zai iya tara maka jarka a wuni, mutane suna barinsa yana zuba a ƙasa. Ruwan kogin Shari da Logon shi ma mai laushi ne in aka gwada da na yawancin foraj, sai dai laka, ka bar shi ya kwanta ka tace kafin ya shiga famfon mota. Ko garin tsami ma ya fi ci in da irin wannan ruwan ka narkar da shi, tunda bai ɓata ƙarfinsa a kan kalkar ɗin ruwan ba.

Tankin ruwa mai kyau nasa daban ne, kanwa bata shiga, omo baya shiga. Garin tsami giram 500 a lita 50, ka buɗe kowane famfo har ruwan tsamin ya fito sannan ka rufe, awa huɗu zuwa shida, ka juye ka ɗauraye sau biyu. Sai wata rana daban, bayan ka tabbata tsamin ya fita, ka sa javel don kashe ƙwayoyin cuta. Ka duba kwalbar, in an rubuta 2,6 cikin ɗari to mililita 200 a lita 100 na ruwa, ya zauna awa huɗu, ka juye ka ɗauraye har warin ya tafi. Javel ɗin da ya daɗe a rana a kanti ƙarfinsa ya ragu, ka sayi wanda ke cikin inuwa.

Sauran kuma hali ne na yau da kullum wanda ba sai an sayi komai ba. Bayan kowace juyewa ka zuba bokiti ɗaya na ruwa mai laushi a tankin bayi kafin a fara amfani, kar a fara a busasshe. Kar ka bar bawul a buɗe wai komai ya riƙa wucewa kai tsaye, ruwan ne zai gudu ya bar mai kaurin ya taru ya bushe ya zama tsauni a ƙarƙashin masai, na sha fasa irinsa da sanda. Ka bari ya kai kashi biyu cikin uku sannan ka buɗe gaba ɗaya ya fita da ƙarfi, na bayi a farko, na wanke-wanke a bayansa don ya wanke tiyon. Mu da muke tsarki da buta ma mun fi turawa sauƙi a nan, ruwa na shiga da yawa takarda kaɗan, illa dai ruwan butar nan in na foraj ne shi ma kalkar yake ƙarawa, a cika ta daga duron. Robar bawul da ta masai bayan wankin tsami ka shafa musu man silikon, in babu ka sa man zaitun kaɗan. Baƙin mai da giris da basilin suna kumbura roba, kar a kusanta.

A lokacin zafi ina yi wa tankin bayi wankin tsami duk wata biyu in ruwan wajen mai nauyi ne, in ana kora shi da ruwan duro kuma sau biyu a shekara ya wadatar, kuma rabin awo ma yana isa tunda ba a bari ya yi kauri ba.

Wajen zubarwa, na roƙe ku kar a juye a mayo, wato rafi. Mayo Kaliyawo a Marwa da rani yashi ne zalla kana ganin kamar ba komai, amma mutane suna tona ramuka a cikinsa suna ɗiban ruwa, kuma yankinmu ya sha fama da kwalara. A kai shadda ko ramin salga, in a daji ne a tona rami mai zurfi nesa da rijiya aƙalla mita 30 a rufe da ƙasa. Ruwan tsamin da ya rage da ƙarfi in zaka juye shi a shaddar siminti ka fara watsa masa ɗan allin nan da ya kwanta a ƙasan duro, ka jira ya daina tafarfasa sannan ka zuba, don tsami yana cin siminti shima.